Aska da Injin Washi: Yadda Zafi Yake Kashe Kaifi

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, idan kun taɓa halartar bikin suna a gidan Hausawa ko Fulani a Jalingo, to kun ga wanzami. Yana zuwa da safe ran kwana bakwai da haihuwa, rataye da zabirarsa. Yakan zauna a kan tabarma, ya fito da aska, ya goga ta a kan fata, sannan ya aske kan jariri. Fatar kan jariri tana da laushi ƙwarai, amma wanzamin da ya ƙware yakan gama aikinsa ba tare da ya ji wa yaron ciwo ba. Ƙwarewar hannunsa tana da muhimmanci, haka nan kaifin askarsa.

A wannan darasi za mu duba yadda ake gyara tsohuwar aska wadda ta yi tsatsa ko ta dakushe. Za mu ga dalilin da ya sa injin washi mai amfani da lantarki yake iya lalata aska cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, alhali mai gyaran yana tsammanin alheri ya yi. Abu guda da nake so ku riƙe shi ne: wuta ce ta ba aska taurinta a maƙera, kuma zafi ne yake iya raba ta da wannan taurin a wurin washi.

Aska da mai ita

Jalingo ita ce mazaunin Sarkin Muri, kuma ta zama babban birnin Jihar Taraba a shekarar 1991, lokacin da aka raba tsohuwar Jihar Gongola. A garin akwai Fulani da Mumuye da Jukun-Kona da Hausawa da sauran al'ummomi da yawa, kuma da Hausa akasarinsu suke ciniki a kasuwa. Cikin sana'o'in gargajiya da ake yi a garin har da wanzanci da ƙira.

Wanzanci yawanci gado ne. Wanzami yana yin aski da gyaran fuska da kaciya da ƙaho. A masarautun ƙasar Hausa shugaban wanzamai yana da sarauta, ana kiran sa Sarkin Aska. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna muku matsayin aska a sana'ar. Wanzami yakan gaji asake daga mahaifinsa, kamar yadda manomi yake gadon gona. Saboda haka idan askar gado ta lalace, asarar ta wuce ta kuɗi.

Asake iri biyu ne a hannun masu aski. Akwai ƙirar gida, wadda maƙeran baƙi suke ƙerawa, sau da yawa daga tsofaffin ƙarafan mota. Akwai kuma ta Turai mai naɗewa cikin ƙotarta. Garuruwan da suka yi suna wajen ƙera irin wannan su ne Sheffield a Ingila, da Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. Amfani da ita ya ragu a duniya bayan wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ya fara sayar da reza mai sauya baki a shekarar 1903. Duk da haka ba a daina aiki da aska ba, kuma duka nau'o'in biyu haɗari ɗaya suke fuskanta a wurin gyara.

Daga ina taurin aska yake fitowa?

Baƙin ƙarfe tsantsa ba shi da taurin da zai riƙe kaifi. Ƙarfen da ake yin aska da shi yana ɗauke da ɗan sinadarin kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi. Yawansa a ƙarfen aska ya kai kimanin kashi 1 cikin 100. Wannan ɗan kason shi ne yake ba ƙarfe damar yin tauri, amma sai an bi matakai biyu.

Mataki na farko shi ne a gasa ƙarfen. Maƙeri yana sa shi cikin gawayi, yaronsa yana zuga, har ƙarfen ya yi jajir. Zafinsa a lokacin ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Selsiyos. Daga nan sai maƙerin ya ɗauko shi da awartaki, ya tsoma shi nan take cikin ruwa ko mai. Wannan sanyaya ta farat ɗaya tana sa ƙarfen ya yi tauri matuƙa. Sai dai taurin irin na kwalba ne: idan ƙarfen ya faɗi ko aka lanƙwasa shi, karyewa zai yi.

Mataki na biyu shi ne a rage gautsin. Ana sake ɗumama ƙarfen a hankali da zafi kaɗan, wanda bai wuce kimanin digiri 200 zuwa 230 ba idan aska ake so, sannan a bar shi ya huce. Wannan ɗumamawa tana rage tauri kaɗan, ta ba ƙarfen juriya. Gwargwadon yawan zafin da aka ba shi a wannan mataki, gwargwadon laushin da zai yi. Gatari da adda suna bukatar juriya, domin sara ake yi da su, shi ya sa ake ba su zafi mai ɗan yawa. Aska kuwa tauri take bukata, shi ya sa ake ba ta zafi kaɗan.

Ku lura da wannan sosai. Ƙarfe bai san bambanci tsakanin zafin maƙera da zafin inji ba. Duk ranar da bakin aska ya sami zafin da ya wuce wanda maƙeri ya ba shi a mataki na biyu, zai ƙara laushi, kuma ba zai koma yadda yake ba idan ya huce.

Abin da injin washi yake yi

Ku goga tafin hannuwanku biyu da sauri. Za ku ji sun yi ɗumi. Duk inda abubuwa biyu suka gogi juna, zafi yana fitowa, kuma yana ƙaruwa idan gudun ya ƙaru ko aka danna da ƙarfi.

Injin washi da ake kafawa a kan teburi yana juya dutsensa kusan sau 2,900 a minti ɗaya. Idan faɗin dutsen santimita 15 ne, to gefensa yana gudun kimanin kilomita 80 a awa ɗaya, kamar motar da ta kama hanyar Wukari daga Jalingo. Ƙaramin injin hannu da masu walda suke gurza ƙarfe da shi ya fi haka gudu, domin yakan juya fiye da sau 10,000 a minti ɗaya. Tartsatsin da kuke gani yana tashi ƙananan ɓarɓashin ƙarfe ne da suka yi zafi har suna ƙonewa a cikin iska.

Me ya sa gatari yake jure wannan inji, aska ba ta jurewa? Amsar tana cikin kauri. Idan kuka ɗora babbar tukunyar ruwa a kan murhu, za ta daɗe ba ta tafasa ba. Idan kuwa cokali ɗaya na ruwa kuka ɗora, nan da nan zai tafasa. Gatari kamar tukunyar yake, yana da jiki mai kauri da zai sha zafin ya rarraba shi. Bakin aska kuwa ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Zafin da ya shige shi ba ya samun wurin tafiya, sai ya taru a nan. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bakin yana iya wuce digiri 300, alhali bayan askar, inda yatsun mai gyara suke, bai ko yi ɗumi ba. Wannan shi ne abin da yake yaudarar mutane da yawa.

Askar Turai ta fi shiga haɗari, domin an rarake gefenta biyu tun daga masana'anta. Ƙarfen da yake kusa da bakinta bai fi takarda kauri ba sosai.

Launi yana ba da labari

Ƙarfe mai haske yana sauya launi idan ya yi zafi, domin iska tana haɗuwa da fuskarsa ta yi masa wani siririn rufi. Maƙera sun daɗe suna auna zafi da wannan launi tun kafin a ƙirƙiro ma'aunin zafi. Ga yadda launukan suke bin juna:

Ruwan ɗorawa mai haske: kimanin digiri 220.
Ruwan ƙasa: kimanin digiri 260.
Shunayya: kimanin digiri 280.
Shuɗi: kimanin digiri 300.

Idan kuka ga shunayya ko shuɗi a bakin aska bayan an ɗauke ta daga kan inji, to wurin ya riga ya yi laushi. Masu sana'a sukan ce ƙarfen ya ƙone. Akwai kurakurai biyu da ake yawan yi a nan. Na farko, wasu suna tsoma askar cikin ruwa da sauri, suna zaton taurin zai dawo. Ba zai dawo ba, domin ruwa yana taurara ƙarfe ne kawai idan ƙarfen ya yi jajir. Na biyu, wasu suna goge shuɗin har askar ta yi ƙyalli. Launin a fuska kawai yake, yana gogewa, amma laushin yana cikin jikin ƙarfen. Askar da ta ƙone tana iya yin kaifi a ranar, sai dai kafin a gama askin mutum ɗaya bakinta ya lanƙwashe, ta fara jan gashi tana ƙarzar fata.

Abin da na gani a kasuwa

Wata rana ina tsaye a rumfar wani matashi mai wasa wuƙaƙe da adduna a babbar kasuwar Jalingo, sai ga wani dattijon wanzami ya zo. Ya fito da tsohuwar aska daga zabira. Damina ta sa ta yi tsatsa, kuma bakinta ya ɗan gutsure a wuri guda.

Dattijon ya ce, "Ɗana, wannan ta mahaifina ce. Ka taɓa ta a hankali."

Matashin ya ce, "Baba, kada ka damu, yanzun nan za ta zama sabuwa."

Ya kunna inji, ya ɗora askar kamar yadda ya saba ɗora adda. Tartsatsi ya tashi. Da ya ɗago ta, sai ga shuɗin layi a kusa da tsininta. Dattijon ya karɓa, ya juya ta a rana, ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Ɗana, ka cire tsatsa, amma ka ƙona mini baki." Ya biya kuɗin, ya mayar da askar cikin zabira.

Matashin ba mugu ba ne, kuma a wajen adda gwani ne. Abin da bai sani ba shi ne aska ba adda ba ce. Irin wannan ne Hausawa suke cewa garin gyaran gira an rasa ido.

Askar da ta ƙone tana gyaruwa ne kawai idan ƙunar ba ta yi nisa ba. Sai a cinye wurin mai laushi a kan dutse da ruwa har a kai ga ƙarfe mai lafiya, wanda hakan yana rage faɗin askar. Idan ƙunar ta yi yawa, sai an mayar da ita wuta an sake matakan nan biyu daga farko. Wannan yana da wuya, domin siririn ƙarfe yakan karkace ko ya tsage idan aka tsoma shi cikin ruwa yana jajir.

Yadda ake gyara aska ba tare da ƙona ta ba

Matsalar zafi ba sabuwa ba ce. Masu washi na Sheffield sun yi ɗaruruwan shekaru suna aiki da manyan duwatsu masu juyawa da ƙarfin ruwan kogi, kuma a yawancin aikinsu ƙasan dutsen yana ratsa kwamin ruwa domin ya riƙa jiƙewa. Wanzaman ƙasarmu ma da ruwa suke jiƙa dutsen washi. Hikimar ɗaya ce: ruwa yana kwashe zafi kafin ya taru. Ga matakan da ya kamata a bi.

Da farko, a duba askar a wuri mai haske. Idan ta tsage daga baki zuwa ciki, ko tsatsa ta huda bakin ta yi ramuka masu zurfi, to gyara ba zai yi amfani ba.

Na biyu, a cire tsatsa da hannu. A shafa ɗan mai, a goga da takardar yashi, a fara da mai ɗan kaushi, a ƙare da mai laushi. A shimfiɗa askar a kan katako, kada yatsu su bi ta kan baki. Aikin yana iya cin awa ɗaya ko fiye, amma hannu ba ya kawo zafin da zai cutar da ƙarfe.

Na uku, a fitar da baki a kan dutse mai jiƙe. Ana farawa da dutse mai kaushi idan akwai gutsure, sannan a koma mai santsi. Askar Turai ana kwantar da ita gaba ɗaya, bayanta da bakinta duka suna taɓa dutse, a tura ta baki na gaba, a juya, a yi wa ɗaya gefen daidai adadin da aka yi wa na farko. Ba a dannawa da ƙarfi.

Na huɗu, a goga ta a kan fata. A nan bayan askar ne yake gaba, baki yana biye, don kada ta yanke fatar. Fata ba ta cin ƙarfe sosai, tana miƙar da baki ne ta ƙara masa santsi.

Idan ya zama dole a yi amfani da inji, misali don a cire tsatsa mai kauri daga bayan aska, to a kiyaye waɗannan sharuɗɗa. A zaɓi inji mai juyawa a hankali, musamman wanda dutsensa yake ratsa ruwa. A ajiye kwanon ruwa kusa, a taɓa askar sau ɗaya na daƙiƙa guda, a tsoma ta, tun kafin ta yi zafi. A riƙe ta da yatsu kusa da wurin aiki don a ji ɗuminta. Kada a kai siririn bakin kan busasshen dutse ko kaɗan. A sa tabarau na kariya, kuma a riƙe askar yadda dutsen zai juya yana barin baki, domin idan ya kama bakin yana iya fizge askar ya wurga ta. Ko ƙyallen da ake ɗaurawa a inji don sa ƙarfe ƙyalli yana kawo zafi mai yawa, saboda haka shi ma a yi hattara da shi.

Tsabta da wuta

Akwai wata hanya kuma da zafi yake lalata aska. Wasu masu aski suna kara ta a harshen wuta da niyyar kashe ƙwayoyin cuta. Niyyar mai kyau ce, domin askar da ta taɓa jini tana iya yaɗa cutar ƙanjamau da ciwon hanta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. Sai dai harshen wuta ya wuce digiri 300 nesa, yana kashe kaifi, kuma ba lalle ne ya game ko'ina a jikin askar ba.

Hanyar da ta fi ita ce a wanke askar da sabulu, sannan a tafasa ƙarfen cikin ruwa na tsawon minti 20. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, wanda bai kai zafin da zai taɓa taurin ƙarfe ba. Bayan haka a busar da ita sarai, a shafa mata ɗan mai don kada ta yi tsatsa. Wajen aikin da ya shafi jini kuwa, kamar kaciya, ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a yi amfani da sabuwar reza ga kowane mutum, a jefar da ita bayan an gama.

Kammalawa

Kun ga cewa inji yana da amfani a wurin da ya dace. Yana sauƙaƙa wa mai wasa adda da gatari aiki. Amma abin da maƙeri ya auna da idonsa a gaban wuta, inji yana iya rushe shi kafin mutum ya ƙifta ido. Duk wanda aka ba shi amanar tsohuwar aska, ya nemi dutse da ruwa da fata, ya kuma ba aikin lokacinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ma'anar kalmomi

Zabira: jakar fata da wanzami yake zuba kayan aikinsa.
Dakushe: rasa kaifi.
Tsatsa: jan dattin da yake fitowa a jikin ƙarfe idan ya sha danshi.
Awartaki: abin da maƙeri yake kama ƙarfe mai zafi da shi.
Gautsi: saurin karyewa ko fashewa.
Ƙota: wurin riƙe kayan aiki kamar aska ko gatari.
Tartsatsi: ƙananan ɗigon wuta masu tashi.
Kwami: dogon mazubin ruwa.

Nazarin harshe

Kalmar "wasa" tana da ma'ana biyu, kuma karin sauti ne yake bambanta su. A jimlar "yara suna wasa", murya tana farawa ƙasa ta tashi sama. A jimlar "ya wasa aska", murya tana farawa sama ta sauko ƙasa. Ku saurari malaminku, ku maimaita. Ku kuma lura da waɗannan kalmomi masu tushe ɗaya: aska (kayan aiki, jam'inta asake), aski (aikin), aske (aikatau).

Tambayoyi

1. Waɗanne matakai biyu maƙeri yake bi don ƙarfen aska ya yi tauri?
2. Me ya sa gatari yake jure injin washi fiye da aska?
3. Me shuɗin launi a bakin aska yake nunawa? Shin goge shi yana magance matsalar?
4. Don me tafasa aska ya fi kara ta a harshen wuta?
5. Ku bayyana ma'anar karin maganar "garin gyaran gira an rasa ido", ku kawo misali daga rayuwarku.
6. Ku ziyarci wanzami ko maƙeri a unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi sunayen kayan aikinsa guda biyar da Hausa. Ku rubuta jimla ɗaya a kan kowanne.